Cin Bashi Da Daɗi

Wata Asabar da dare muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani abokina ya juyo ya ce mini: "Kai, ku Kirista kun cika tsoratar da mutane. Zunubi, zunubi, kullum zunubi. Tashi mu zaga Matamaye in nuna maka gidajen siminti masu ƙofar ƙarfe da aka gina da kuɗin barar Aljeriya. In ka ga mai gida ɗaya yana kuka, ni zan sayi sukarin gobe." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, don a daren nan ban da amsa. Abokin nan yana cikin masu rubutu a wannan ɗan littafi namu, kuma na san zai karanta. To abokina, ga amsarka, ko da ta makara.

Zan fara da ba ka gaskiyarka. Zunubi yana da daɗi. Duk mai wa'azin da ya hau bagade ya ce babu daɗi a cikinsa, ko dai bai taɓa zama saurayi ba, ko kuma ya raina hankalinmu. Tun muna makarantar Lahadi ake nuna mana mai zunubi kamar wani ramamme mai jajayen idanu, sai muka girma muka tarar da shi da ƙiba da sabon babur. Daga nan ne yara da yawa ke daina yarda da sauran abin da aka koya musu. Littafi Mai Tsarki kuwa bai yi mana wannan ƙaryar ba. A sura ta 11 ta Ibraniyawa, inda ake maganar Musa da ya bar fadar Fir'auna, an yarda cewa akwai jin daɗi a abin da ya bari, an kuma ce na ɗan lokaci ne. Mai Zabura ta 73 ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ya zame, don ya ga mugaye cikin ƙoshin lafiya da wadata. Ka ga ashe tambayarka ta girmi kakanninmu.

Inda muka rabu da kai shi ne wajen lissafi. Kai ka ƙirga gidan, ka ƙirga ƙofar ƙarfe, ka tsaya. Ni ina so mu ƙarasa lissafin, mu tambaya: wa ya biya?

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasset, suka lalace a cikin sahara kusa da iyakar Aljeriya. Da aka kai ga wurin, gawa 92 aka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu mutanen wannan yanki namu ne na Kance. Gwamnati ta sa kwana 3 na zaman makoki a ƙasa baki ɗaya, rediyoyin duniya suka ambaci sunan yankinmu, wasu ma ranar suka fara jin sa. A watan Yuni na 2016 aka sake tsintar gawa 34 kusa da Assamaka, 20 daga ciki yara. Tun ƙarshen 2014 manyan motoci ke kwaso mutanenmu daga Aljeriya ana maido su gida, wasu kuma su huta su sake komawa. A watan Maris na 2022 sai da aka tura jirgin sama Dakar ya kwaso sama da mutum 1,000 da ke bara a titunan birnin, akasarinsu daga Kance da Magarya.

Dubi adadin nan da kyau. Me ya sa yara suka fi yawa? Yaro ɗan shekara biyar ba ya yanke shawarar zuwa ci-rani. Amsar kowa ya san ta a garin nan, sai dai ba a faɗinta da ƙarfi: hannun yaro ya fi na babba jawo sadaka. Shi ya sa mai tafiya ke neman yara, nata da na dangi da na maƙwabta, a yi yarjejeniya da iyaye kan abin da za a kawo musu. Yaron da ya kamata a ce yana lekol yana koyon baƙi, ana zaunar da shi bakin titi cikin sanyin Aljeriya, da tsumma, don tsumman ma jari ne. To wannan yaro shi ne ya sayi simintin. Mai gidan da kake nuna mini yana murmushi, na yarda. Murmushin bashi ne ya ci, aka rubuta da sunan wani.

Na san abin da za ka ce: talauci. Kada ka ɗauka ban san shi ba. Gonakinmu sun ƙanƙance, an raba su tsakanin 'ya'ya har wani abin da zai noma bai kai shi wata uku ba. Ba kowa ke da fadamar rake ba. Matar da mijinta ya tafi Najeriya shekara biyu ba aike, ta goya ɗanta ta hau mota don kada su mutu da yunwa, ni ban isa in jefe ta ba, kuma Ubangijin da nake bi bai taɓa jifan irinta ba. Maganata tana kan mai haɗa tafiyar yana karɓar rabonsa, da direban da ke loda rayuka kamar buhunan gero, da namijin da ke kwance gindin bedi yana jiran kuɗin da ɗansa ya roƙo, ya ƙara aure da su. Waɗannan ba yunwa ke korarsu ba. Kwaɗayi ne, kuma mun san abin da Hausawa suka ce yana buɗewa. Yesu Almasihu, wanda ya yi sassauci ga mazinaciya da ɓarawon da aka gicciye kusa da shi, da ya zo kan masu sa ƙananan yara tuntuɓe sai ya kawo zancen dutsen niƙa a wuya da zurfin teku. Yana nan a sura ta 18 ta Matiyu, kowa ya je ya duba.

Kafin ka ce na hau tudu ina hangen laifin wasu, bari in sauko. Ina aji na ƙarshe a kolej lokacin da wata maƙwabciyarmu ta dawo daga tafiya. Mace ce mai kirki, tana ƙaunar mahaifiyata, ta kawo mini tsarabar waya. Ita ce wayata ta farko. Na yi murna kamar in tashi sama. Na san da yarinyar da ta tafi da ita, 'yar ƙanenta, wadda muke zuwa ɗiban ruwa tare. Na ga yadda yarinyar ta dawo: ta daina wasa, in baƙo ya shigo gida sai hannunta ya miƙe da kansa kafin ta tuna ta janye shi. Ba ta koma lekol ba. Na gani da idona, na kuma riƙe wayar, na yi shekara biyu ina jin waƙa da ita. In ka tambaye ni ko na ji daɗi, eh, na ji. Amma na lura da wani abu: duk lokacin da zan wuce ƙofar gidansu, sai in cusa wayar cikin aljihu. Ba wanda ya ce in ɓoye. Abin da yake farin ciki na gaske ba ya sa mutum sauya hanya.

Akwai wani mutumin Aljeriyar nan da ya riga mu gane wannan. Ogustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, garin da ake kira Souk Ahras yau, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba. A littafin da ya rubuta yana ikirarin zunubansa, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe itacen maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, don akwai waɗanda suka fi su kyau a gidansu. Yawancin abin da suka sata aladu suka zuba wa. Da ya manyanta ya zauna yana tambayar kansa me ya ji daɗinsa a daren nan, sai ya gano cewa haramcin ne da kansa, da dariyar abokai, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Wanda ya taɓa shiga garkar wani ya karyo rake ya san wannan. Raken kasuwa ɗaya ne da na sata a baki. Abin da ya ƙaru kawai shi ne bugun zuciya, kuma bugun zuciya ba ya daɗewa, gobe sai an ƙara. Ka tambayi samarinmu masu haɗiyar tramadol nawa suka fara da shi, nawa suke sha yanzu kafin su ji abin da suka ji ranar farko.

Yanzu ga hujjarka mafi ƙarfi, wadda ba ka ma kawo ba, ni zan kawo maka ita. Akwai mutumin da lamirinsa ba ya damunsa ko kaɗan. Ya ci, ya sha, ya yi barci da minshari, ya mutu a kan katifarsa. Wannan fa? Ba zan yi maka ƙaryar cewa yana kuka a ɓoye ba. Wataƙila ba ya yi. Amma ka je Danja kusa da Maradi, inda aka daɗe ana jinyar kutare, ka tambayi ma'aikatan me ke cinye yatsun majinyaci. Za su gaya maka rashin jin zafi ne. Mutum ya taka ƙaya ko ya dafa tukunya mai zafi bai sani ba, ciwon ya ruɓe. Wanda zai iya kallon ɗansa na cikinsa a matsayin jari bai ji komai ba, wani abu ya riga ya mutu a jikinsa, kuma da wannan abin ne ake jin daɗin ɗa. Ya sami gida, ya rasa abin da ake zama uba da shi. In wannan ne kake kira farin ciki, ni ban yi masa hassada ba. Mu Kirista kuma mun gaskata akwai ranar da za a buɗe littafin bashin, kamar yadda ku ma kuka gaskata. Sarki Dawuda ya ɗauka maganar Uriya ta rufu, har ranar da annabi Natan ya shigo da labarin 'yar tunkiyar matalauci.

Ina da magana da 'yan'uwana na ikilisiya su ma, don kada su karanta wannan suna gyaɗa kai. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, kuma akwai zunubin da ke yi wa 'yan kaɗan daɗi ƙwarai. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari a Yamai, kan zanen wata jaridar Faransa da ba mu da hannu a ciki. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Ina yaro, amma na tuna tsoron. Na kuma tuna abin da ya biyo baya a zuciyata: ƙullaci. Ku yarda da ni, ƙullaci yana da zaƙi. Yana sa ka ji kai ne mai gaskiya kullum, ka zauna kana lasar abin da aka yi maka, ka manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu a ranar. Shekaru na yi ina shan wannan zumar, abin da ta bar mini shi ne na kasa sakin jiki da mutanen da ban taɓa ganin sharrinsu ba, har da kai abokina. Wanda muke bi ya roƙa wa masu kashe shi gafara tun yana kan gicciye. Ranar da na fara ƙoƙarin sakin abin nan, ranar na fara jin daɗin shayin fada.

To ina farin cikin yake? A sura ta 19 ta Luka akwai Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, mai kuɗi ƙwarai, irin masu ƙofar ƙarfe. Da kuɗin ya ishe shi, me zai kai babban mutum hawan itace kamar yaro don ya hango wani malami mai wucewa? Da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya tashi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai maida masa ninki huɗu. A ranar nan ne labarin ya ambaci murna. Ranar da dukiyarsa ta ragu ce ranar da ya fara iya duban mutanen garinsu ido da ido. Wannan shi ne abin da bishara ke nufi da tuba: ana gafarta maka kyauta, sai hannunka ya saki abin da ya damƙe.

Ni ban kai Zakka ba. Wayar ta daɗe da mutuwa, kuma ba ni da ninki huɗu. Abin da na iya shi ne, a hutun da ya wuce na je na gai da yarinyar nan, wadda yanzu matar aure ce da goyo, na roƙi mijinta izini, ina koya mata karatu da ƙanwata duk yammacin Laraba. Ranar da ta rubuta sunan ɗanta da hannunta ta yi dariya har da hawaye. Na koma gida ta ƙofar gidansu, ban sauya hanya ba.

Abokina, na karɓi gayyatarka. Mu zaga garin, ka nuna mini gidajen. Sharaɗina ɗaya ne: a kowace ƙofa mu yi sallama, mu ce a kira mana yaran da aka yi tafiyar da su, waɗanda suka dawo, mu tambaye su aji nawa suke. In mun gama, sai mu koma fada mu ga wanda zai sayi sukari.