Yaran baƙi da lakkwal

Wani magidanci ya bar Tawa da iyalinsa, suka sauka Abijan, unguwar Ajame. Kuɗi dai sefa ne, kamar gida. Amma furar hatsi ta yi wuya, sai aceke, abincin rogo. A kasuwa kuma Julanci ake yi, ko Faransanci.

Wasu baƙi sukan hana yaransu zuwa lakkwal, wai kada su mance Hausa. Wannan kuskure ne. Ran da uwar gidan ta kamu da masassara, ɗiyarta ƴar aji huɗu ce ta raka ta gidan likita, ta faɗi inda ke mata ciwo, ta karanta takardar magani.

Hausa kuwa tana nan cikin gidan. Da ita ake kiran yara cin abinci, da ita ake gatana da dare.