An Rufe Shago, Caca Ta Koma Aljihu

A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo har 30 a Kano. Madalla. Amma duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi ko kasuwar Tarauni da yamma, zai ga samari sun duƙufa kan waya. Cacar nan ba ta ƙara bukatar shago.

To, mu yi lissafi irin na kasuwa. Mutum biyu sun zuba N1,000 kowannensu, wannan ya ce Kano Pillars za ta ci, wancan ya ce ba za ta ci ba. Kamfani ya karɓi N2,000, ya ba wanda ya dace kamar N1,900, ya soke N100. Ko wa ya ci, la'adarsa ta fita. Wanda kuwa ya jera wasa goma a tikiti guda don kwaɗayin miliyan, sau goma ake yankarsa. Kuɗin kuma ba ya kwana a Tarauni, sai Ikko, inda irin su Bet9ja suke. Sau da yawa ma cinikin maigida ne yaron shago ya zuba, wai zai mayar gobe.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta Tarayya ta 2005, ta ce ikon na jihohi ne. Ashe ragama tana hannun Gwamnatin Kano. Sai ta fito ta gaya wa jama'a abin da za ta yi da cacar waya, wadda ba ta da ƙofar da za a garƙama wa kwaɗo.