Murhun Zamani Ba Ya Tsimin Itace Da Kansa

Tun da tsadar rayuwa ta yi ƙamari a 2023, gidajen ma'aikata da dama a Nyanya, Kubwa da Mararaba suka jingine tukunyar gas, suka koma ga itace da gawayi. Da haka murhun zamani mai tsimin itace, wanda a da ake ganin na matan karkara ne, ya shigo tsakar gidan ma'aikacin tarayya.

Sai dai sau da yawa akan sayi murhun, a yi masa riƙon murhun duwatsu uku, sannan a ce yaudara ce. Sirrinsa iska ce. Idan aka cusa masa itace har bakin ya toshe, wutar ta shaƙe, sai hayaƙi. Faskare biyu ko uku sirara, busassu, sun isa, ana tura su ciki sannu a hankali. Ɗanyen itace kuwa asarar kuɗi ne, domin wutar za ta ƙare ne wajen busar da shi kafin ta kai ga tukunya. Mai dabara yakan tanadi na damina tun da rani. A kwashe toka kafin kowane girki, a kuma rufe tukunya.

Inda aka fi yi wa murhun illa shi ne yumɓun da ke cikinsa. Sabon murhu yana son ƙaramar wuta a kwanakin farko. Kwara masa ruwa yana da zafi, don a kashe wuta, yana tsaga yumɓun, kuma da zarar ya tsage, zafi ya riƙa zurarewa, tsimin ya tafi ke nan. A zare itacen da ya rage, a bar garwashin ya mutu da kansa. Ruwan sama ma yana sa jikin ƙarfen tsatsa.

Leda, roba da katako mai fenti ba makamashi ba ne, guba suke fitarwa. Haka kuma bai dace a shigar da murhu ɗakin kwana don jin ɗumi da hunturu ba: garwashi na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Wannan jarida na ganin akwai hakki a wuyan gwamnati. A 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kimanin Naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000, shirin da ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce. Yanzu da ƙasar ke da manufar girki mai tsafta tun 2024, ya kamata jami'an da ke tsara rabon, waɗanda wasunsu ke karanta wannan shafi, su tabbatar kowane murhu ya zo da bayani cikin harshen mai girki, tare da horar da masu gyara a unguwanni da za su iya sauya yumɓun idan ya tsage.