Kada A Ɗora Tarihin Reluwe A Kan Sikelin 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya ratsa ta lokon reluwe a manyan tashoshin ƙasar nan ba zai rasa ganin tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a yashe ba, ciyawa ta rufe ƙafafunsu, tsatsa kuma tana cin jikinsu. Galibinsu masu aiki da man dizal ne, kuma a idon mutane da yawa darajarsu ba ta wuce nauyin ƙarfensu ba. Wannan kuskure ne babba, kuma ya kamata Gwamnatin Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya su gyara shi tun da sauran abin cetowa.

Kamar yadda aka sani, layin dogo ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma fiye da shekara 40 bayan haka kawuna masu kwal da tururi ne ke jan taragu. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa, aka kawo kawuna 10 masu dizal ƙirar kamfanin English Electric na Ingila, kowanne da ƙarfin doki 750. A 1958 na kamfanin General Motors na Amurka suka biyo baya, a 1972 aka sayo 54 daga Montreal ta ƙasar Kanada, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1990 aka kawo 50 daga ƙasar Sin. Kawunan farko-farkon nan su ne suka kwashi gyaɗar Kano da audugar Zariya da shanu da fatu zuwa bakin teku, suka kai ɗalibai da sojoji da fatake har Maiduguri bayan layi ya isa can a 1964. Tarihin arzikin ƙasar nan ba ya cika in ba a ambace su ba.

Abin takaici shi ne, jama'a sun fi ganin girman kai mai tururi, saboda hayaƙinsa da kukansa, shi kuwa mai dizal ana ɗaukarsa tamkar tsohuwar babbar mota. Ingila ma ta taɓa faɗawa wannan rami. A 1947 aka ƙera kai mai lamba 10000 a garin Derby, wanda shi ne na farko mai dizal da ya yi aiki a manyan layukan ƙasar. A 1968 aka farfasa shi tare da ɗan'uwansa mai lamba 10001, aka sayar da ƙarfen. Daga baya sai da wata ƙungiyar masu sha'awa ta shiga tara kuɗi da tsintar kayayyaki don ta sake ƙera irinsa daga tushe. Da na sani ƙeya ce.

Amma inda aka farga da wuri, labari ya sha bamban. Kawunan nan da ake kira Deltic, guda 22 da English Electric ya ƙera a 1961 da 1962 don aikin Landan zuwa Edinburgh, an sallame su a farkon 1982. Tun a 1977 masu ƙaunarsu suka kafa ƙungiya suna tara taro da sisi, saboda haka guda 6 suka tsira, 3 daga ciki a hannun ƙungiyar. Ba gwamnati ce ta fara ba; talakawa ne da tsofaffin ma'aikata.

Wajibi ne a gane cewa kai mai dizal ba ya jure zaman banza. Injinsa yana juya janareta ne, wutar da ta samu kuma ita ke tafiyar da motocin lantarki da ke juya ƙafafun. In an bar shi a fili, ruwan sama kan shiga ta bututun hayaƙi ya kwanta a cikin silinda har fistin ya maƙale. Ɓarayi kuma sukan yashe wayoyin jan ƙarfe na janareta da na motocin, su bar kwarangwal. Daɗin daɗawa, wasu kamfanonin kamar na Montreal sun bar ƙera jirage ɗungurungum. Saboda haka duk damina ɗaya da ta wuce, kuɗin gyara ƙaruwa yake yi.

Masu cewa ƙasar da ke fama da talauci ba ta da kuɗin kashewa a kan tsohon ƙarfe suna da hujja, amma ba cewa aka yi a gyara duka ba. Tun da aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Badun a 2021, hankali ya koma can, alhali tsofaffin kawunan na layi ne mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, ba za su hau sabon ba. In ba a ware wasu da gangan ba, za a wayi gari babu ko ɗaya.

Abu huɗu ya kamata a yi. Na farko, a bi loko-loko a ƙirga abin da ya rage, a rubuta lamba da ƙira da shekarar kowanne. Na biyu, a zaɓi ɗaya mafi lafiya daga kowane iri, a sa shi cikin rajistar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, yadda ba mai ikon yin gwanjonsa. Na uku, a shigar da waɗanda aka zaɓa ƙarƙashin rufi da masu gadi, kuma kafin a sayar da sauran a ciro kayan gyara daga jikinsu a adana. Na huɗu, a nemo tsofaffin direbobi da makanikai da suka yi ritaya, a rubuta iliminsu, a haɗa su da ɗaliban kwalejojin fasaha, domin da tsohuwar zuma ake magani.

An riga an ga misali a gida. Ƙungiyar Legacy ta gyara gidan Jaekel da aka gina a 1898 a harabar reluwe ta Ebute Metta, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Abin da aka yi wa gini ana iya yi wa kan jirgi, kuma Zariya, garin da layuka suka haɗu, ta cancanci irin wannan wuri. Kuɗin da za a samu a hannun 'yan gwangwan zai ƙare cikin 'yan kwanaki, amma kan jirgin da ya shiga tukunyar narka ƙarfe ya tafi ke nan har abada.