Sarrafa kwamfuta daga nesa: Ƙofar da ma'aikata da ɓarayin intanet ke bi tare

A yau ma'aikacin fasaha zai iya zama a gida ya shiga babbar kwamfutar ma'aikatarsu, wato saba, ya sabunta manhaja ko ya buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ba tare da ya taka ofis ba. Wannan sauƙi ya ƙaru sosai tun lokacin kullen korona a 2020. Sai dai hanyar da yake bi ita ce masu kutse suka fi nema.

Yadda tsarin yake aiki

A kwamfutocin Windows, fasahar da aka fi amfani da ita ita ce RDP ta kamfanin Microsoft. Tana nuna wa mutum fuskar wata kwamfuta a kan tasa, duk abin da ya danna kuma can yake aiki. Bisa al'ada tana sauraron masu shigowa ta mashiga mai lamba 3389, lambar da kowane ɗan kutse ya sani.

Idan aka bar mashigar a buɗe ga intanet, manhajojin masu kutse kan gano ta, su yi ta gwada kalmomin sirri dare da rana. Asusun mai kula da saba shi ne babbar ganima, domin mai riƙe da shi yana iya goge bayanai, ya kashe manhajar tsaro, ya kuma lalata ajiyar da aka tanada don ko-ta-kwana.

Darasin Change Healthcare

A ranar 12 ga Fabrairun 2024, masu kutse suka shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka ta shafin shiga daga nesa na Citrix, da bayanan asusun da aka sace. Shafin ba shi da tantancewa ta mataki na biyu. Sun kwana tara a ciki suna kwasar bayanai kafin su kulle kwamfutocin da manhajar neman kuɗin fansa.

Kamfanin yana tsakiyar hada-hadar biyan kuɗin inshorar lafiya, don haka asibitoci da shagunan magani suka shafe makonni cikin tsaiko. Andrew Witty, shugaban uwar kamfanin, UnitedHealth, a lokacin, ya tabbatar wa majalisar dokokin Amurka a watan Mayun 2024 cewa an biya fansar dala miliyan 22. Daga baya kamfanin ya ce bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa.

Masu kutsen ba su buƙaci wata sabuwar dabara ba. Kalmar sirri ce ta buɗe musu ƙofa.

Tsofaffin kwamfutoci

Haɗari na biyu shi ne rauni a cikin manhajar kanta. A watan Mayun 2019 Microsoft ya toshe wata kafa a RDP da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, wadda ke bai wa mahari damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Girman barazanar ya sa kamfanin ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014.

Ba kullum za a samu irin wannan alfarma ba. Tallafin Windows Server 2012 ya ƙare a Oktoban 2023, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Idan kwamfutar mai kula da saba ba ta samun gyaran tsaro, sabar ma tana cikin haɗari.

Mene ne mafita?

Matakan sanannu ne: kada a buɗe RDP kai-tsaye ga intanet, a bi ta VPN ko mashiga mai tsaro, a tilasta tantancewa ta mataki na biyu, a ware asusun kula da saba daga na karanta imel, a kuma ajiye kwafin bayanai inda kutse ba zai kai ba.

A Najeriya akwai nauyin doka a kai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Asibiti ko makarantar da ta damƙa wa ɗan kwangila kula da sabarta daga nesa, ya kamata ta san su wa ke riƙe da kalmar sirrin, da kuma ko an rufe asusun waɗanda suka bar aiki.