Daga Dumega zuwa Mena: ina tsanin da yaro zai taka?

Duk wanda ya ratsa Dumega da la'asar bayan an gama yankan hatsi, zai tarar da samari da yara suna buga ƙwallo a fegi, wasu da takalman roba, wasu ƙafa ba takalmi. A cikinsu ba a rasa yaro ɗaya wanda ba ya yawan gudu, amma duk ƙwallon da ya fito daga baya sai ya bi ta ƙafarsa kafin ya isa gaba. Shi ne ɗan wasan tsakiya. Tambayar da ya kamata hukumomin gundumar Tibiri da na Dogon Dutsi su yi wa kansu ita ce: ta wace hanya wannan yaro zai kai ga sanya rigar Mena?

Bari mu fara da wanda ya kai. Ali Mohamed, haifaffen Yamai a shekarar 1995, ya bar gida yana matashi zuwa Isra'ila, ya buga wa Maccabi Netanya, sannan Beitar ta birnin Kudus ta ɗauke shi a 2019, inda wasu magoya bayan ƙungiyar suka tada jijiyar wuya saboda sunansa kawai. Ya daure. A 2021 ya koma Maccabi Haifa, suka ci kofin ƙasar sau biyu a jere, a 2022 da 2023, kuma a watan Oktoba na 2022 ƙungiyar tasa ta doke Juventus ta Italiya da ci 2 da nema a gasar zakarun Turai. Abin alfahari ne ga ƙasarmu. Sai dai a lura, ɗan babban birni ne. A Yamai ne Sahel da Olympic suke, da ƙungiyoyin soja da na duwan da na jami'an tsaro, a nan ne masu horarwa suke, a nan ne idon mai neman 'yan wasa yake sauka. Yaron Arewa kuwa, ko ya fi kowa iya taɓa ƙwallo, babu takardar da sunansa yake ciki.

A nan ne labarin wani ɗan wasan tsakiya na Japan yake da amfani. Hidetoshi Nakata ba a Tokyo aka haife shi ba, a Kofu ne, garin da duwatsu suka kewaye, a 1977. Ƙungiyar makarantar sakandarensa ce ta fito da shi, domin a Japan akwai gasar makarantu da tushenta ya faro tun 1917: kowace jiha tana tace gwanayenta, a aika su gasar ƙasa, jama'a su kalla a talabijin. Daga makaranta Bellmare ta ɗauke shi a 1995, shekara biyu bayan an kafa gasar ƙwararru ta ƙasar. A 1998 ya buga gasar duniya ta farko da Japan ta taɓa halarta, ya wuce Perugia a Italiya, ya jefa wa Juventus ƙwallo biyu a wasansa na farko. A 2001 ya ci kofin Italiya tare da Roma, ya ajiye takalmi a 2006 yana da shekara 29. Ko'ina ya taka, akwai matakin da aka riga aka gina yana jiransa.

Mai karatu zai ce Japan mai arziki ce, mu kuwa muna fama da fari da tsadar hatsi. Gaskiya ne. To amma ai mu ma muna da irin wannan tsani, a kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ɗan kokowar ƙauye ya san hanyarsa: ya kada mazan garinsu, ya je gunduma, ya shiga tawagar jiha, ya tsaya gaban ƙasa baki ɗaya. Ta nan Isaka Isaka ya kawo wa jihar Doso takobi sau da dama. Ba a kashe dukiyar Japan kafin a tsara wannan ba.

Abin da ƙwallo yake buƙata a matakin farko bai fi ƙarfin magajin gari da malaman makaranta ba: fili da aka shata, aka hana gini a cikinsa, gasa tsakanin makarantu da ƙauyuka mai ranakun da kowa ya sani, da za a fara da kaka kafin samari su tsallaka Nijeriya ci-rani, da littafin da ake rubuta sunan kowane ɗan wasa. Sai takardar haihuwa, wadda iyaye da yawa suke ɗauka da wasa. Yaron da ba shi da ita, ranar da ƙungiyar matasa ta ƙasa ta kira shi, a bakin ƙofa zai tsaya. Inda babu wannan hanya kuwa, dillalan ƙarya ne suke cike gurbin, su sa uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona domin kuɗin tafiyar da ba ta da ranar dawowa.

Ƙasarmu ta nuna tana iyawa. Mena ta doke Masar 1 da nema a Yamai a 2010, ta halarci gasar Afirka a 2012 da 2013, 'yan ƙasa da shekara 17 kuma sun je gasar duniya a Indiya a 2017. A 2023 kuwa, saboda filin Seyni Kunce bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallo ta Afirka ba, a Maroko Mena ta karɓi baƙinta. Gyaran babban fili aikin gwamnati ne, yana cin kuɗi da lokaci. Gasar makarantun Dumega da Tibiri kuwa, zama ɗaya na majalisar gari da shugabannin makarantu ya isa a sa mata rana.