Hukuncin Kuɗin Goro: Ɗaliban Ƙetare da Jarrabawar Ingilishi a Birtaniya

Duk ɗalibin da ya bar ƙasarsa ya tafi wata neman ilmi, takarda ce ke riƙe da shi. Muddin bizarsa tana nan daram, yana da aji da ɗakin kwana da asibiti da ɗan aikin rage zafi. Ranar da aka soke ta kuwa, duk waɗannan sai su zube lokaci guda, ya wayi gari mai laifi a garin da jiya yake baƙo. Saboda haka ma'aunin adalcin da wata ƙasa take yi wa ɗaliban ƙetare shi ne yadda take bi da su ranar da aka zarge su da laifi. Abin da ya auku a Birtaniya daga shekarar 2014 ya isa misali, domin ƙasa ce da take tinƙaho da shari'a da tsoffin jami'o'i, kuma al'amarin ya shafi harshe da jarrabawa, abubuwa biyu da malami ba ya rabuwa da su.

Dokar shige da fice ta Birtaniya ta wajabta wa baƙon ɗalibi ya nuna shaidar cewa yana jin Ingilishi kafin a ba shi biza ko a sabunta masa. Gwamnati ce da kanta ta fitar da jerin jarrabawowin da ta yarda da su, daga ciki a wancan lokaci har da wadda ake kira TOEIC, ta wata cibiyar jarrabawa ta Amurka mai suna ETS. Ita wannan cibiya takan shirya tambayoyi ta yi maki, amma a lokacin zaman jarrabawar a hannun wasu ƙananan makarantu masu zaman kansu yake. A watan Fabrairu na 2014, shirin Panorama na gidan talabijin na BBC ya shiga biyu daga cikin irin waɗannan wurare da ɓoyayyar kyamara. Aka ga mai sa ido yana karanto wa ɗalibai amsoshi, aka kuma ga 'yan haya sun zauna gaban kwamfuta suna yin ɓangaren magana, masu sunan kuwa suna gefe. Maguɗin gaskiya ne, ba mai musunsa, kuma daga baya kotuna sun ɗaure wasu daga cikin waɗanda suka shirya shi.

Daga nan ne al'amari ya karkace. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda Theresa May take shugabanta a lokacin, ta nemi ETS ta sake duba jarrabawowin da aka yi a ƙasar tsakanin 2011 da 2014. Daga cikin 58,458 da aka bincika, cibiyar ta ce 33,725 na maguɗi ne, 22,694 kuma akwai kokwanto a kansu. Wato kashi 97 cikin ɗari ke nan, waɗanda suka tsira ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro, in aka kawo masa irin wannan sakamako, zai dakata ya yi tunani. Ɗayan biyu ne: ko dai jarrabawar ta ruɓe tun daga tushe, wanda in haka ne mai ita da wanda ya ba ta lasisi su ya kamata a fara tuhuma, ko kuma mudun da aka yi awon da shi ne yake da huji. Ma'aikatar ba ta dakata ba. Ta karɓi jerin sunayen daga hannun cibiyar da jarrabawarta ce ta lalace, ta shiga soke biza.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda aka yi binciken, domin a nan kuskuren yake kwance. A ɓangaren magana na jarrabawar, ana naɗar muryar ɗalibi a ajiye da lambarsa. Sai aka sa kwamfuta ta kwatanta muryoyin da juna, sa'annan mutane biyu su saurara su tabbatar. Idan murya ɗaya ta bayyana ƙarƙashin sunaye da yawa, sai a ce duk masu sunayen ɗan haya ne ya yi musu. Ilmin furuci ya yarda da cewa kowace murya tana da kamanninta, kuma wani masanin fannin da ma'aikatar ta tuntuɓa a 2016 ya ƙiyasta cewa kuskuren kwatancen bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai dai ƙiyasin nasa ya rataya ne a kan sharaɗin cewa bayanan da aka ba shi daidai suke. Na'ura tambaya ɗaya kurum take amsawa, wato ko wannan murya da waccan ta mutum ɗaya ce. Ba ta san wanda ya liƙa muryar a jikin sunan ba. A makarantar da masu ita suka riga suka mai da maguɗi sana'a, me zai hana a ɗebe muryar ɗalibin da ya zauna da kansa a musanya da ta ɗan haya ba da saninsa ba, ko kuma a cakuɗa fayiloli saboda sakaci? An daɗe ana hana waɗanda aka zarga jin muryoyin da aka kafa hujja da su. Da wasu suka samu suka saurara, suka ji murya ba tasu ba, wannan ma bai raba gardama ba: ma'aikatar ta ce shaidar maguɗi ce, su kuma suka ce shaidar musanya ce.

Hukuncin kuwa bai jira an warware wannan ba. An soke izinin zaman dubban mutane, akasarinsu 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash. Wasu da asuba jami'ai suka buga musu ƙofa aka kai su wuraren tsare baƙi. Mafi muni shi ne, da yawansu an gaya musu ba su da damar ɗaukaka ƙara sai sun bar ƙasar, wato mutum ya koma Dakka ko Lahor, daga can ya kare kansa a gaban alƙalin da ke Landan. Rahoton Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati na ƙasar, wanda ya fito a watan Mayu na 2019, ya nuna cewa fiye da mutum dubu 11 sun bar Birtaniya, kusan 2,500 daga cikinsu da ƙarfi aka fitar da su. Waɗanda suka tsaya domin wanke sunansu suka shiga wani irin zama na tsaka mai wuya: ba karatu, ba aiki, ba ikon kama haya, kuɗin makarantar da suka biya kuma ya bi ruwa. A gida ma ba sauƙi, domin uban da ya sayar da gona ya tura ɗansa Ingila da wuya ya yarda cewa gwamnatin Ingila ce ta yi kuskure. Cikin waɗanda aka zarga har da masu digiri da suka yi karatunsu kaf da Ingilishi, da waɗanda suka riga suka ci wasu jarrabawowin harshen.

Gwamnatin tana da nata hanzarin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, maguɗin yana da yawa kamar yadda shi kansa rahoton na 2019 ya yarda, kuma mai jin Ingilishi ma yana iya sayen sakamako don gudun wahala. Kotuna su ma ba su tsaya kan magana ɗaya ba. A 2016 babbar kotun shige da fice ta ce hujjojin ma'aikatar suna da rauni ta fuskoki da dama, a 2022 kuma ita wannan kotu ta ce hujjojin sun isa a nemi wanda ake zargi ya kawo bayani. To, amma ai neman bayanin shi ne abin da aka ƙi yi tun farko. Sai a watan Disamba na 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ƙarar da ake yi daga wata ƙasa ba ta wadatar a irin wannan zargi ba, lokacin da dubbai sun riga sun tafi. Daga cikin ƙararraki kimanin 12,500 da aka saurara zuwa 2019, masu ƙara sun yi nasara a kashi 40 cikin ɗari a matakin farko. Ba dukansu ne aka wanke daga maguɗi kai tsaye ba, wasu bisa wasu dalilai suka ci, amma adadin ya yi nisa ƙwarai da kashi ɗaya. Rahoton ya kuma lura cewa ma'aikatar ba ta da ƙwarewar tantance abin da ETS ta ba ta, ba ta kuma yi ƙoƙarin gano yawan marasa laifin da abin ya rutsa da su ba. Ɗan ƙasa da aka zarga da zamba, a gaban alƙali ake tabbatar masa da laifinsa shi kaɗai. Baƙon ɗalibi kuwa lamba ce a cikin jeri.

Mai karatu a Nijeriya ya san hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO sukan riƙe sakamakon cibiya guda idan aka kama maguɗi a cikinta, kuma mai gaskiya yakan sha tare da mai laifi. Wannan ma abin gyara ne. Duk da haka, wanda aka riƙe wa sakamako yana kwana a ɗakin uwarsa, baɗi ya sake zama. Wanda aka soke wa biza bisa zargin yaudara yana iya fuskantar haramcin shiga ƙasar har na shekara goma, tabon kuma yana bin fasfonsa duk ofishin jakadancin da ya nufa.

Dalilin da ya sa aka iya yin wannan gaggawa ba ɓoyayye ba ne. Tun 2010 gwamnatin David Cameron ta yi alkawarin rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar kowace shekara zuwa ƙasa da dubu ɗari, kuma ana lissafa ɗalibai a cikin adadin. Ɗalibin ƙetare shi ne mafi sauƙin ragewa, tunda ba shi da dangi a gari, ba shi da kuɗin lauya. A lokaci guda kuma aljihunsa ne ke tallafe da jami'o'i. Tsakanin 2017 da 2025 doka ta ƙayyade kuɗin digirin farko na ɗan ƙasa a Ingila a kan fam 9,250 a shekara, na baƙo kuwa ba shi da iyaka, sau da yawa yakan ninka haka biyu ko uku. Daga Fabrairun 2024 an kuma ɗaga masa harajin asibiti zuwa fam 776 a shekara. Kuɗin rajistar TOEIC ma shi ya biya, a wurin da gwamnati ta ce masa halal ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan Nijeriya sun ɗanɗani wani ɓangare na wannan rauni na baƙo ta wata hanya dabam. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ajiyar da ɗalibai suka nuna kafin a ba su biza ta narke a banki. A watan Mayu na 2024 aka ji labarin wasu ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside da suka makara wajen biyan kuɗi, aka dakatar da su, aka kai sunayensu ma'aikatar, ta umarce su da barin ƙasa. Jami'ar ta ce dokar biza ce ta ɗaure mata hannu, kuma bayan an yi ta surutu ta mai da wasu aji. A nan ba a zargi kowa da maguɗi ba, amma tsarin ɗaya ne: makarantar da ta kamata ta zama uwar ɗakin ɗalibi, doka ta mai da ita mai gadin iyaka.

Su kuwa mutanen TOEIC, a shekarar 2019 wani kwamitin Majalisar Dokokin Birtaniya mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya soki ma'aikatar da kakkausar murya, ya nemi ta samar da hanya mai sauƙi da marar laifi zai wanke kansa. A 2024, shekara goma bayan shirin Panorama, kowa da kuɗin lauyansa yake bin kotu, wani rukuni na waɗanda aka wanke kuma yana neman diyya. Waɗanda suka shiga wannan shari'a suna 'yan shekara ashirin da wani abu sun doshi arba'in, da yawansu ba su kammala digirin da ya kai su ba.